Layin da Hedimasta Ya Ƙi Cikewa

Jiya da na dawo daga sallar la'asar na tarar kuna dariya, kuna cewa aikin nan ba komai ba ne: mutum ya miƙo fasfo, ka kwafe suna da lamba, ka danna, firinta ta tofo takarda, shi ke nan. Ban tanka muku ba, domin ni ma haka na ɗauka ranar da na fara. Amma tun da kun ce sana'ar kuka zo koyo, ba zaman jiran wani aiki ba, ku bari in ba ku labarin wasu mutum biyu da na fi daɗewa ina yi wa aiki, miji a nan Kaduna, a unguwar Narayi, mata a Ingila. A kansu na yi kuskurena na farko, a kansu kuma na gane abin da ya sa ake buƙatar mutum a kan kujerar nan ba na'ura kaɗai ba.

Daga Nasarawa har Sabon Tasha, Malam Garba mai inshora ake kira na, amma ba da wannan na fara ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a masaƙa a Kakuri, a ofishin sito, ina rubuta auduga da ta shigo da bandir ɗin yadi da ya fita. Da masaƙa ta rufe, na yi kusan shekara ina buga-buga. Akwai wani makanike ɗan ƙabilar Ibo da ke gyara mini babur, shi ne ya ce mini matarsa na neman mai kyan rubutu wanda ba ya gajiya da zama. Ta haka na haɗu da Madam Uche. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani kemis a Sabon Tasha, tana sayar da tikitin jirgi da inshorar tafiya. A Kakuri aka haife ta, Hausarta kuwa idan ba ka gan ta ba sai ka rantse 'yar Zariya ce.

Wata uku cur ba ta bar ni na taɓa kwamfuta ba. Abin da ta ba ni shi ne jan biro da rula da wani ƙaton gilashin ƙara girman rubutu, sai tarin littattafan sharuɗɗa na kamfanonin inshora, masu rubutu ƙanana kamar tururuwa. Kullum da safe sai ta zaɓi shafi ɗaya ta ce in karanta da ƙarfi, sannan in faɗa mata da Hausa abin da na karanta, kamar ina yi wa kakata bayani. Idan na fara kewaye-kewaye sai ta buga tebur.

"Garba, ban tambaye ka Turanci ba. Za su biya ko ba za su biya ba?"

Akwai kuma taswirar duniya a bango da kalanda biyu. Kalandar saboda ƙirga kwanaki ce, domin wanda jirginsa ya tashi ranar Talata yana iya sauka ranar Laraba, idan ka rufe masa inshora a Talata ka bar shi a sama ba komai. Jan biron da rular suna nan a durowar nan ta hagu, har gilashin.

Aikin farko da ta sakar mini ni kaɗai na Malam Bitrus ne. Hedimasta ne a wata firamare a Narayi, mutumin kudancin Kaduna, dogo, ba ya fita sai da kwat ko da rana tana ƙona dutse. Matarsa, Sista Saratu, nas ce, ta samu aiki a wani asibiti a Ingila, ta tafi ta bar shi da 'yarsu Alheri. Shi ba ya kiran sunanta, Maman Alheri yake cewa. Sau biyu ya nemi bizar Ingila ana hana shi, sai suka shirya su haɗu a Masar su yi mako biyu, ita ta taso daga can, shi ya tashi daga Abuja.

Ya shigo da takardar aurensu ta coci a cikin leda, ya shimfiɗa mini a tebur.

"Malam Garba, an ce akwai inshora ta miji da mata, takarda ɗaya, ta fi sauƙi. Ga shaida, shekara goma sha shida da aure."

Na duba, aure dai aure ne, har da hatimi. Madam ta je banki. Na rubuta sunansa, na rubuta nata, da na zo wurin adireshi na sa gidansu na Narayi, tun da ai gidan miji gidan mata ne. Firinta ta tofo takarda, ya yi godiya ya tafi. Na ji kaina ya yi girma ranar nan.

Sun haɗu lafiya, amma akwatin Sista bai haɗu da su ba. Ya ɓata a hanya, da takalman da ta sayo wa Hedimasta, da kayan Alheri, da tsarabar rabin dangi. Da suka dawo suka nemi kamfani ya biya, amsar da ta zo layi uku ce. Inshorar ta mazauna Nijeriya ce, kuma tafiya dole ta fara daga Nijeriya ta ƙare a Nijeriya. Sista ba mazauniya ba ce, tafiyarta daga Ingila ta fara. Ke nan tun daga ranar farko sunanta a takardar ado ne kawai. Da rashin lafiya ta kama ta a Masar ba akwati ya ɓata ba, da sai dai su sayar da gida.

Madam ba ta yi mini faɗa ba. Ta buɗe shafin, ta ɗora rula a ƙarƙashin layin, ta ce in karanta da ƙarfi. Layin da na karanta mata ne a watan farko. Sannan ta ce in hau keke in je Narayi in faɗa wa mutumin da bakina cewa laifina ne ba na kamfani ba. Na same shi a ofishinsa na makaranta, ya bar ni a tsaye kamar ɗan aji uku har na gama bayani. Sai ya cire tabarau ya ce, "To, ka yi kuskure, ka zo da ƙafarka ka faɗa. Zauna. Yaran da nake koyarwa ma wanda ya ce shi ya fasa taga shi nake naɗawa monita." Tun daga ranar bai sake zuwa wani ofishi ba sai sau ɗaya, zan kuma zo kan wannan.

Abin da na koya ke nan, kuma ku riƙe shi: kamfanin inshora ba ruwansa da wa ya auri wa, abin da yake tambaya shi ne ina mutum yake zaune, daga ina tafiyar ta fara, ina za ta ƙare. Miji da matar da ke ƙasa biyu, kusan kullum takarda biyu ce. Na nan ya yanka a nan, na can ya yanka a can, kai kuma ka zauna ka daidaita kwanakin su zo ɗaya, ka duba cewa ƙasar da za su haɗu tana cikin kowace takarda. Wasu kamfanonin ma idan mutum ya je ƙasarsa ta haihuwa ba sa ɗaukarsa a matsayin matafiyi, sai ka ga matar da ta zo hutu Kaduna daga Turai tana tsammanin an rufe ta, alhali a nan ba ta da komai.

Irin waɗannan ma'auratan sun fi yadda kuke zato yawa a wannan gefen kogin Kaduna. Akwai Hajiya a layinmu na Nasarawa da mijinta direba ne a Saudiyya. Akwai 'yan kasuwar Kakuri da ke zaune a Sin, iyali a nan. Akwai malaman jinya ba iyaka. Kowa kuma zai shigo ya ce maka, "Ai ɗan'uwana ya ce ana yi." Ka saurare shi da fara'a, ka ba shi ruwa, sannan ka ɗauko rula.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce ta korona. A farkon shekarar ne aka ba Hedimasta bizar Ingila bayan duk wahalar nan. Ya zo nan da fasfo a hannu yana ɗaga shi kamar kofin ƙwallo, masu kemis na ƙasa har tafi suka yi masa. Mun yanki tikiti, mun yanki inshora, ya sayi rigar sanyi a gwanjo. Saura kwana tara ya tashi aka rufe filayen jirgi. Bizar ta ƙare a cikin durowa ba tare da ta ga hatimi ba.

Mu kuma aiki ya tsaya cak. Ba mai tafiya, ba mai tambaya, sai masu son a mayar musu da abin da suka biya. Na koma taimaka wa maiɗakina kiwon kaji a bayan gida, ina kai ƙwai shaguna a babur a ranakun da aka ba da damar fita. Sauran lokacin kuma ina zaune a gindin mangwaro da waya biyu, ina bin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su ɗage wa mutanena kwanakin inshora maimakon ta mutu a banza. Wasu sun yarda, wasu sun ce annoba ba ta cikin sharuɗɗa, kuma da na duba, gaskiyarsu ce. A ƙarshen shekarar Madam Uche ta ce ta gaji, za ta koma wurin 'ya'yanta a Inugu. Ta kira ni ta ba ni makullin ofis ta ce, "Ka riƙe. Amma duk ranar da na ji ka sayar wa mutum takardar da ba za ta biya ba, zan hau mota in zo in karɓi makullina." Har yau tana kira na duk Kirsimeti ta tambaye ni ko ta taho.

Da duniya ta buɗe, Hedimasta ya sake nema, aka sake ba shi biza ta wata shida. Shekara huɗu ke nan rabonsa da ganin matarsa ido da ido. Ya zo muka zauna cike fom. Tun annobar kamfanoni suka ƙara tambayoyin lafiya, ga shi shekarunsa sun haura hamsin da biyar. Muna tafiya lafiya lau har muka zo layin da ke tambaya ko mutum yana da wani ciwo da yake shan magani a kansa.

"Sa babu," ya ce.

Na ɗaga kai. Kwat ɗin nan da a da take cika da shi ta zama kamar ta aro. Tun da ya zauna ya shanye ruwan leda uku.

"Hedimasta, ranka ya daɗe, babu ko in sa babu?"

Ya dubi ƙofa, ya tashi ya tura ta da kansa, ya dawo. Ya ce ciwon suga ne, shekara biyu ke nan, yana shan ƙwaya safe da yamma, likita ya ce yana ƙoƙari. Ba wanda ya sani sai shi da likitan da mai kemis.

"Maman Alheri fa?"

"Ita ce ma ba na so ta sani. Ka san ta. Idan ta ji, gobe za ta ajiye aiki ta tattaro ta dawo ta zauna tana auna mini tuwo. Alheri kuma saura mata shekara biyu ta gama karatun haɗa magunguna, ka san da albashina kaɗai ba za ta gama ba. Kuma Maman Alherin ce ta ce ka tura mata takardar ta gani. Malam Garba, kalma ɗaya ce. Sa babu."

Na ajiye biro. Na ce masa sirrinsa nasa ne, ba zan kira Sista in faɗa mata ba, wannan ba aikina ba ne. Amma babu ɗin nan hannuna ba zai rubuta ta ba. Na yi masa bayani cewa baƙo a Ingila idan aka kwantar da shi a asibiti biya zai yi, kuma abin da za a caje shi a mako ɗaya ya isa ya cinye karatun Alheri gaba ɗaya. Idan ya faɗi a can, abu na farko da kamfani zai yi shi ne ya nemi tarihin lafiyarsa daga likitansa na nan. Suna ganin ya ɓoye, sun wanke hannunsu, ko da ƙafa ce ya karya.

Ransa ya ɓaci. Ya ce shekara nawa muna tare, yau ni ne zan koya masa gaskiya, shi da ya yi shekara talatin yana koyar da ita. Ya kwashe fasfonsa ya sauka, ko sallama babu.

Bayan kwana huɗu sai ga shi ya hawo yana murmushi, ya ajiye mini takarda a tebur. Wani shagon buga takardu ne a bakin kasuwa ya yi masa a cikin minti goma, ba tambaya ko ɗaya.

"Ka gani? Ba kai kaɗai ne mai firinta a Sabon Tasha ba."

Na kira kamfanin na ba su lamba. Takardar ta gaskiya ce, ba jabu ba. Na nemo littafin sharuɗɗansu, na buɗe shafi na shida, na ɗora rula, na juya masa.

"Hedimasta, Turancinka ya fi nawa. Karanta mini da ƙarfi."

Ya gyara tabarau ya fara da muryar nan tasa ta taron safe. Bai kai ƙarshen layi na biyu ba muryar ta sauka. Ba za su biya komai da ya shafi ciwon da mutum yake da shi kafin tafiya ba, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Ya karanta sauran a zuci. Ya daɗe yana kallon taswira.

"To, yanzu yaya za a yi?"

Nan ne aikin ya fara, aikin da kuke cewa dannawa ce. Kwana goma sha ɗaya na yi. Kamfani huɗu suka ce ba sa rufe tsohon ciwo ko ta halin ƙaƙa. Na biyar ya ce zai rufe abin gaggawa da ya taso daga ciwon idan aka kawo wasiƙar likita da gwajin jini na watanni uku da sunayen magunguna, da ƙarin kuɗi. Na raka shi asibiti da kaina, domin na san idan na bar shi zai ce layi ya yi tsawo. Wasiƙar farko likita ya rubuta sunan Bitrus da harafin da ba haka yake a fasfo ba, muka koma. Da aka amince, na sa suka rubuto mini amincewar a rubuce, ban yarda da "ba matsala" ta waya ba. Ku ma kada ku taɓa yarda.

Saura maganar Sista. Takardar shafi uku ce, ciwon yana shafi na biyu. Ya ce shi zai tura mata da kansa. Na san shafin farko kaɗai zai tura, na kuma ce masa wannan tsakaninsu ne, amma shawarata ya faɗa mata tun kafin ya hau jirgi. Ya ce zai faɗa mata idan ya ga fuska. Abin da na dage a kai biyu ne, ya kuma yarda: lambar gaggawa ta kamfani ta kasance a wayar Sista, sannan wani ɗan kati da na buga masa mai ɗauke da sunan ciwon da magungunansa ya zauna a aljihun kwat ɗinsa, kada ya cire.

Ya tafi a watan Oktoba. Makon farko hotuna suka yi ta shigowa: Hedimasta a jirgin ƙasa, Hedimasta da hular sanyi har kunne, Hedimasta yana ciyar da agwagi a bakin tafki, Sista a gefensa tana dariya.

Ranar Litinin ta mako na uku, da hantsi, ina cin waina a nan teburin, wayata ta yi ƙara. Sista Saratu ce. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Malam Garba, Baban Alheri yana asibiti tun jiya. Ya farfaɗo, yana magana. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka faɗa mini gaskiya. Sugan nan, ya rubuta a fom ko bai rubuta ba?"

"Ya rubuta, Sista. Da wasiƙar likita, da amincewar kamfani a rubuce. Suna nan a gabana."

Na ji ta sauke numfashi mai tsawo, ta ce, "Na gode wa Allah." Sannan ta ce, "Shafi ɗaya ya turo mini, an rubuta ɗaya cikin uku a ƙasa. Ya ɗauka ban iya ƙirga ba."

"Sista, ashe kin sani?"

"Malam Garba, shekara ashirin da huɗu ina aikin jinya. Mutumin da nake gani a waya kullum, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana magana yana kurɓar ruwa, ya canza tabarau sau biyu a shekara ɗaya. Tun bara na sani. Kwana biyu da zuwansa na ga ƙwayoyin a cikin safa. Na ce bari in gani ko zai faɗa da bakinsa."

Ga abin da ya faru, kamar yadda ta ba ni daga baya. Ita da ta sani, sai ta canza girki ba tare da ta ce komai ba. Ta rage shinkafa, ta ɗauke burodi, ta cika masa kwano da ganye, kuma kullum sai ta ja shi tafiyar ƙafa mai nisa da sunan nuna masa gari. Shi kuma yana shiga banɗaki yana haɗiye ƙwayarsa yadda ya saba a Narayi, inda yake cin tuwo malmala biyu. Ranar Lahadi bayan sujada aka yi liyafar maraba da shi a coci, aka matsa masa ya ci kek yanka ɗaya. Tsoro ya kama shi, ya zaga ya ƙara ƙwaya biyu a kan ta safe. Ita tana kicin ɗin coci tana taya wanke-wanke, shi ya ce zai riga ta gida. A tashar bas suga ya faɗi ƙasa warwas, shi ma ya bi shi. Wata mata ta kira motar asibiti. Ma'aikatan suna laluben aljihunsa suka ga katin, nan take suka san abin da za su ba shi.

Ba mu tsaya mamaki ba, domin sharaɗin ya ce a sanar da kamfani cikin kwana biyu da kwantar da mutum, kuma ɗaya ya riga ya tafi. Na ce ta kira lambar gaggawa yanzu-yanzu ta karɓi lambar fayil, kada ta sa hannu a kowace takardar biya sai kamfani ya yi magana da asibitin. Ni kuma na rufe wainar na hau keke zuwa wurin likitansa, domin na san za su nemi tarihinsa. Kafin azahar na tura musu komai. Sun yi tambayoyi, sun so su ce ƙarin ƙwayar da ya sha ganganci ne, likitar can ta rubuta musu cewa kuskure ne irin wanda masu suga ke yi idan abinci ya canza. Kwana biyar ya yi a kwance. Kamfani ya biya asibitin kai tsaye, ya kuma ɗage masa tikitin dawowa da mako biyu.

A rana ta uku Sista ta kira ni ta bidiyo daga gefen gadonsa. Hedimasta yana kwance da rigar asibiti mai ɗigo-ɗigo, karo na farko da na gan shi ba kwat.

"Malam Garba," ya ce, "ka ga abin da matar nan ta yi mini? Da yunwa ta so ta kashe ni."

"Kai ka so ka kashe kanka da ƙwaya a cikin safa," in ji ta. "Faɗa masa abin da ka ce mini da ka buɗe ido."

Ya kau da kai. Ita ta faɗa. Wai yana farfaɗowa ya kama hannunta ya ce, "Maman Alheri, akwai maganar da nake so in faɗa miki, amma ki yi mini alkawari ba za ki bar aiki ba." Ta ce masa ta ji, ya kwanta, shekara guda ke nan da ta yanke shawarar ba za ta bari ba, domin namijin da ya iya ɓoye ciwo shekara biyu ai zai iya dafa wa kansa miyar ganye. Sai da nas ɗin ɗakin ta leƙo saboda dariyarmu.

Ba ta bar aikin ba. Alheri ta gama bara, tana aiki a wani asibiti a Barnawa. Hedimasta ya yi ritaya, yana zuwa Ingila duk shekara, kuma yanzu idan muka zo layin nan shi yake karɓar biro ya cike da kansa, har da awon safiyar ranar, wanda ba wanda ya tambaye shi.

Sai dai Sista ta ɗora mini aikin da ba ya cikin littafin kowane kamfani. Ta ce tun da ni kaɗai ne na taɓa ce masa a'a ya dawo, to duk ranar Laraba ya biyo ta nan in gan shi da idona in aika mata da rahoto. Yau Talata. Gobe da misalin ƙarfe goma za ku ji takunsa a matakala, dogo, da kwat. Zai zauna a kujerar nan, ya tambaye ku makarantar da kuka yi, ya gyara muku Turanci, sannan ya aiki ɗayanku wurin mai shayi na ƙasa. Zai bi ku har bakin ƙofa ya rage murya ya ce a sa masa suga cokali ɗaya, ɗaya tak, kada Malam Garba ya ji. Ku ce masa to, ranka ya daɗe, ku kawo masa ba suga. Idan kuka sa, kafin ya ajiye kofin za a kira ni daga Ingila.